Asusuna da Ɗan Farin Baffa

Ranar da katina ya ƙi fitar da kuɗi, mai POS na fara zargi. Yana zaune ƙarƙashin lemarsa a bakin kasuwar Tambuwal, ya sa katin, ya zare, ya goga shi a rigarsa, ya sake sawa, na'urar ta ƙi. Na ce masa in sabis ne babu ya faɗa mini in tafi, kada ya tsaya yana goge mini kati sai ka ce kwanon miya. Ya ce, "Malama, sabis lafiya lau shike. Wanga abu daga banki na. Cewa yay yi an ɗaure asusun." Na yi dariya, don ban taɓa jin an ɗaure asusu ba. Ƙarshen wata ne, albashina na koyarwa ya shiga tun jiya, da kunnena na ji ƙararsa a waya.

Sai na faɗi irin gidan da na fito kafin a gane yadda na shiga wannan rigima. Mahaifina mai masaukin Fulani ne, haka ya tarar da mahaifinsa. Bafillace zai fito daga daji ranar kasuwa ya sauka a zaurenmu, ya jingine sandarsa, a ba shi ruwa da tuwo. Baba ya raka shi kara, wato kasuwar dabbobi, ya sayar da dabba, ya taya shi cinikin kanwa da gishiri da gero, in rikici ya tashi ya tsaya masa. Abin da mutum bai son komawa da shi daji sai ya bari a hannun Baba. Sana'ar tana da doka ɗaya wadda ba a rubuta ba: mai masauki ba ya tambaya. Ba ya tambayar baƙo yawan shanunsa, ba ya tambayar inda ya samo abin da ya ba shi ajiya. Baba yana alfahari da wannan fiye da yadda nake alfahari da takardar shaidar malanta.

Cikin baƙinsa akwai wanda ya wuce baƙo, wani dattijo da rugarsu ke can bayan Kebbe. Baffa nake ce masa, matarsa kuma Goggo. Lokacin da aka haife ni mahaifiyata ta kwanta ciwo mai tsawo, nonon shanun Baffa aka riƙa kawowa ana ba ni har na yi ƙarfi. Shi ya sa duk ranar da na tayar da jijiyar wuya a gida, abin da kuwa ba ya wuya, sai Baba ya ce a ƙyale ni, nonon daji ne ke motsawa.

Da zamani ya juya, shanu suka fara tafiya kudu a tirela, 'ya'yan Fulani suka watsu neman kiwo da abin yi, sai kuɗi suka koma zuwa ta waya. Baffa ba shi da asusu, Baba ma ba shi da shi. Ni kaɗai ke da shi a gidan, ga ni kuma zaune a gidan tun da mijina ya rasu na dawo da 'ya'yana. Baba ya ɗauki lambar asusuna ya riƙa ba da ita kamar yadda ake ba maƙwabci aron tsani. Har da gawayi aka rubuta ta a bangon zaure don kada a riƙa tashina daga barcin rana. Kuɗi su shigo, in ciro, in miƙa wa Baba, shi kuma ya ajiye har mai su ya zo. Yawancinsu na Baffa ne. Shekaru muna haka, ban taɓa tsayawa na karanta sunan mai turowa ba.

Washegarin ranar da katin ya ƙi na tafi banki da shirin faɗa. Yarinyar da ke kan kanta ta danna na'ura, ta dube ni, ta sake duban na'urar, sai muryarta ta sauka. Ta tura ni wurin manaja. Manaja ya ba ni kujera da ruwan sanyi, nan na san ba lafiya ba, don tun da nake zuwa bankin nan ba a taɓa ba ni ko sannu ba. Ya ce ba su suka rufe ba, umarni ne daga sama, shi ma ba a gaya masa dalili ba. Na ce wace sama? Ya ambaci wani ofishi a Sakkwato, na masu bin sawun kuɗi, ya ce in je can in yi bayani. Na ce bayanin me, ni da aka hana wa albashina? Ya ce shi dai iyakarsa ke nan.

Na hau motar Sakkwato ina ta lissafin laifina a zuci ban samo ko ɗaya ba. Jami'in da na tarar matashi ne mai fara'a, Hausarsa irin ta rediyo. Ya ce, "Malama, kin san abin da ake kira takunkumi?" Na ce na sani, shi ne wanda ake ƙaƙaba wa ƙasashe in sun yi taurin kai. Ya ce ana sa wa mutum ɗaya ma. In hukuma ta ga alamar wani yana ciyar da 'yan bindiga da kuɗi, sai a hana kowa hulɗa da dukiyarsa, a kuma riƙe duk inda kuɗinsa suka bi har a tantance. Ya ce ɓarayin daji sun daina yawo da kuɗin fansa a buhu. Yanzu gutsuttsura su suke yi, su bi da su ta asusun mai shayi, da na malamar makaranta, da na mai sayar da itace, su fito can gaba kamar kuɗin halal, a sayo harsashi da babura da su. Wannan shi ne halasta kuɗin haram da nake ji a labarai ina ɗauka maganar manyan Abuja ce.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne na yarda da shi. A ajina akwai yarinyar da aka ɗauke mahaifinta a gona, aka karɓi abin da aka karɓa, gawarsa ma ba a gani ba. Kullum sai na ga idonta. Da an ce in kawo tawa gudummawar a toshe wa mutanen nan hanyar kuɗi, da gudu zan kawo. Sai ga shi ni aka toshe.

Ya juyo da na'urarsa ya nuna mini wani suna. Ya ce mai wannan sunan yana cikin waɗanda aka sa wa takunkumi, kuma ya sha turo kuɗi asusuna. Na duba sunan, suna ne irin wanda in ka kira a kasuwa mutum goma za su waiwayo. Na ce ban san shi ba. Ya ce to kuɗin na wa ne? Na gaya masa gaskiya, na Baffa ne. Ya ce mene ne tsakanin Baffa da mai turowa? Na ce Allah masani.

"Malama," in ji shi, "kina koyar da 'ya'yan mutane, a ce shekaru kuɗi na shiga asusunki ba ki san mai turowa ba?"

Na so in ce masa a gidanmu ba a tambaya, sai na ji yadda maganar za ta faɗi a ofishin nan, na haɗiye ta. Ya ce in je in gano ko wane ne mutumin a wurin Baffa, in kawo amsa. In ban kawo ba, maganar za ta wuce hannunsa, kuma inda za ta je ba a ba da kujera.

Na dawo gida na zayyana wa Baba komai, na ce ya tambayi Baffa in ya zo. Yana gyaran igiyar guga, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ba ni tambaya tai."

"Baba, aikina fa! Ɗaure ni za a yi!"

"Ubana bai tambai ubanai ba. Ni ban taɓa tambaya tai ba. Yanzu da furfura za ni farawa?"

Na ce ai zamanin ubansa ba a sayen harsashi da waya. Ya ce mutumin da nononsa ya raya ni ba zai sayi harsashi ba. Na ce ni ma ban ce shi ya saya ba, wani ne ke turo masa, wannan wanin nake son sani. Ya ce in wanin ya cancanci a san shi, Baffa zai faɗa da kansa. Muka yi ta zagaye wuri ɗaya har na fashe da kuka don haushi. Ban taɓa jin haushin mahaifina irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoron ya sauya hali irin na ranar ba. Duka biyun a ƙirji ɗaya suke, na rasa wanda zan bi.

Tambuwal kuwa ba ta riƙe sirri. Kafin mako ya zagayo maganar ta fita, ta kuma yi 'ya'ya a hanya. Wasu suka ce an kama miliyoyi a asusuna, ni da takalmina ɗinki uku ne a jikinsa. Wasu suka ce zauren Baba ne masaukin masu kai wa ɓarayi rahoto. Wannan ita ce mai ban tsoro, don a ƙasarmu yanzu in aka liƙa wa gida wannan suna, ba kotu ake jira ba. Hedimasta ya kira ni ya ce ba ya zargina, amma in yi ƙoƙari in wanke kaina da wuri. Mai shagon unguwa ya fara auna mini shinkafa yana kallon gefe. Baffa kuma ranar kasuwa ta zo ta wuce bai shigo ba, ko labari ya kai masa ne, ko hanya ce ba kyau, oho.

Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban gaya wa Baba ba, na shiga motar 'yan kasuwa zuwa Kebbe. Duk inda hanya ta ratsa duhuwar itatuwa sai motar ta yi tsit, kowa na motsa leɓe. Na sami Goggo cikin masu tallar nono, ta rungume ni tana ƙanshin man shanu, ta aika aka kira Baffa daga kara. Muka zauna gindin wata tsamiya bayan kasuwa. Ya rame ƙwarai. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Baba, da yara, da makaranta, har da akuyar da ya ba ɗiyata.

Daga nan na yi abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu. Na faɗa masa an rufe asusuna, na faɗi dalili, na ambaci sunan, na ce, "Baffa, wane ne shi a wurinka?"

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Baffa ya kau da kai, ya ɗauki wani kara yana zane a ƙasa. Can ya ce, "Ɗiyata, ban san shi ba."

Nan kaina ya ƙara kullewa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan kau da kai. Haka Bafillace ke yi in an ambaci ɗan farinsa. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama inda yake, in ka tambaye shi sai ya ce bai san shi ba, kunya ce da ake gado. Mu Hausawa ma muna yi, amma nasu ya fi namu nisa. Na tuna Baffa yana da babban ɗa wanda kakanninsa suka riƙe tun yana jariri. Sau ɗaya ko biyu na taɓa ganinsa muna yara, da wani laƙabi ake kiransa, sunansa na yanka ban taɓa ji ba. To amma haka ma mai ɓoye ɓarawo zai yi, ya kau da kai ya ce bai san shi ba. Na dubi fuskar mutumin nan da na sani tun ban san kaina ba, na kasa karanta ta. Goggo ta cika mini ƙwarya da fura, na sha ban ji ɗanɗanonta ba, na hau mota na dawo da ruɗun da ya fi wanda na tafi da shi.

Da na faɗa wa Baba inda na je, bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya kalle ni ya ce, "Kin tambai Bafillace ɗan farinai, gaban matatai, tsakar kasuwa." Na ce ashe ya san ɗan farin ne. Ya ce bai sani ba, zato yake kamar yadda nake yi. Na ce to in ɗan ya shiga daji fa? Ya ce in ya shiga Allah ya isa tsakaninsa da ubansa. Na ce in bai shiga ba fa, sharri aka yi masa? Ya ce to Allah ya isa tsakaninsa da hukuma. Na ce ni kuma fa, tsakanina da wa? Ya tashi ya tafi masallaci.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, da hantsi, sai ga Baffa a ƙofar gida cikin babbar rigarsa ta Sallah. Baba ya fito da sauri yana masa maraba, ya miƙa hannu zai karɓi sanda. Baffa ya riƙe abarsa. Ya ce ba zama ya kawo shi ba, a kira masa ni. Da na fito ya ce, "Kai ni wurin mutanen da sunka ɗaure ki."

Muka hau mota zuwa Sakkwato. A ofis ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora sandarsa a cinya. Jami'in ya gaishe shi da ladabi, ya kunna na'urar ɗaukar magana, ya karanto sunan, ya ce, "Baba, ka san shi?"

Baffa ya ce, "Na gidana ne."

"Ɗanka ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Sai ka faɗa da bakinka, Baba. Ka faɗi cikakken sunansa, ka ce ɗanka ne."

Na yi caraf na ce, "Yallaɓai, ɗan fari ne fa." Jami'in ya dube ni, ya ce, "Na gane, Malama. Ni ma ɗan fari ne, har yau mahaifiyata ba ta kiran sunana. Amma waɗanda za su saurari wannan ba sa ganin gyaɗa kai."

Baffa ya dubi bango ya faɗi sunan. Sunan ya yi masa nauyi a baki kamar bai san yadda ake furta shi ba. Ya ƙara da cewa, "Ni na haife shi. Yarinyag ga ba ta san komi ba, ubanta bai san komi ba. Ni nib ba da lambatta." Na sunkuyar da kai, ji nake kamar an tuɓe dattijon a gabana.

Jami'in ya tambaye shi sana'ar ɗan. Baffa ya ce tun shekarar da ɓarayi suka kore masu garke yaron ya bar gida. Wasu sun ce dillancin shanu yake a kudu, wasu sun ce daji ya shiga. Jami'in ya ce, "Kai wanne ka yarda da shi?" Ya ce bai tambaya ba. Jami'in ya ce in ya zo gida fa, me kuke cewa? Baffa ya ce in yaron ya shigo ruga shi fita yake yi, tun da aka haife shi ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Kuɗin kuma ta bakin ƙannensa ake cewa an turo na hatsi, shi ke nan. Jami'in ya ajiye alƙalami ya dafe goshi. Na ga shi ma ya shiga inda nake, bai san ko gaskiya tsantsa aka gaya masa ba ko wayo ne mafi tsufa a duniya. Suka ɗauki hoton Baffa da zanen yatsunsa, suka ce ya tafi, in an neme shi ya zo.

La'asar sakaliya muka sauka a tashar Tambuwal, sai ga Baba tsaye yana jiranmu, an ce tun azahar yake wurin. Ya ce an yi tuwo, a zo a je gida. Baffa bai kalle shi ba. Ya ce, "Mai gida, yau na faɗi abin da ban taɓa faɗi ba, gaban yara. Kak ka sa in ci tuwonka da wanga baki." Ya kira mai babur ya hau, ya nufi hanyar Kebbe. Baba ya tsaya har ƙurar babur ɗin ta kwanta, sannan ya juya, na bi shi a baya.

Bayan wasu watanni aka sake mini asusu. Saƙo ne kawai ya shigo waya, ba wanda ya kira ni ya ce an gano kaza. Har yau ban san ko ɗan Baffa ɓarawo ne ko dillali ba. Wani lokaci in na dubi yarinyar nan ta ajina sai in ce gwamma da aka yi haka, ko harsashi ɗaya aka hana saye ai an yi aiki. In na dawo gida na ga Baba zaune shi kaɗai sai in ce kaico. Baffa bai sake takowa Tambuwal ba. Baba ya je Kebbe nemansa da kansa, aka ce sun tashi da damina, wasu suka ce yamma suka yi, wasu suka ce kudu.

Da kaka ta yi, wata ranar kasuwa ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji sallama a zaure. Muryar Bafillace ce da ban sani ba, mutum mai ladabi, ya ce daga nesa ya kawo shanu, an kwatanta masa gidan nan, an ce nan ake sauka. Na ajiye rariya na tashi in ɗebo ruwa, don tun da na yi wayo ban taɓa ganin an mayar da baƙo daga ƙofar nan ba. Ina riƙe da moɗa na ji muryar Baba, a hankali, ba fushi a cikinta.

"Yi haƙuri, bawan Allah, tafi gaba. Gidan ga yanzu tambaya akai."